Gran Paradiso, Mont Blanc ko Elbrus: wanne za ka fara zuba wa kuɗinka?

A watan Mayu da farkon Yuni, bayan yawancin filayen wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara na Turai sun rufe, kamfanonin jagororin tsauni kan fara tallar wata tafiya: a hau ƙololuwa da allunan zamiya a ƙafa, a kuma sauko a kansu. Dusar ƙanƙarar wannan lokaci takan daskare cikin dare, da hantsi ta yi laushi daidai zamiya, da azahar kuma ta jiƙe ta soma zaftarewa. Shi ya sa ake barin masauki tun kafin asuba. Sunaye uku ne za ka fi cin karo da su, kuma ni a ganina mai farawa ya sayi mafi gajarta a cikinsu.

Gran Paradiso ke nan, mai tsawon mita 4,061, tsauni mafi tsawo da ke cikin ƙasar Italiya ɗungurungum. Daga ƙauyen Pont ake kama hanya, a kwana a masaukin Vittorio Emanuele II ko na Chabod. Dukansu sun kai wajen mita 2,700, wato wurin kwanan kaɗai ya ɗara Chappal Waddi, tsauni mafi tsawo a Najeriya, mai mita 2,419. Washegari akwai hawan kusan mita 1,300 a kan gangara mai faɗi wadda ba ta miƙe sosai ba. Dab da ƙarshe ake cire alluna, a ɗaura igiya, a bi wani siririn gefen dutse, rami na ƙasa, har a isa gunkin Maryamu da aka kafa a ƙololuwa. Wurin ƙunci ne, sai an jira juna. Jagora ɗaya kan ɗauki mutum huɗu, don haka kuɗin kowa ya ragu. Aibinsa shi ne idan Yuni ya shiga, dusar ƙasa ta narke, sai ka goya allunanka daga Pont zuwa masauki.

Mont Blanc, da ke iyakar Faransa da Italiya, shi ne wanda kowa ke kwaɗayi. Awon 2023 ya ba shi mita 4,805 da 'yan kai. Masu zamiya kan shiga motar kebul, mai tafiya rataye a jikin waya, daga garin Chamonix na Faransa zuwa Plan de l'Aiguille, su ratsa La Jonction, inda ƙanƙara ta tsattsage ta bar ramuka masu zurfi, su kwana a masaukin Grands Mulets mai mita 3,051. Daga nan sauran fiye da mita 1,700 a rana guda. A nan ne ya kamata ka tsare mai kamfani da tambaya: ta ina za mu hau? Tsohuwar hanya ta Petit Plateau tana ƙarƙashin manyan curin ƙanƙara da ke rataye, waɗanda ke ɓallewa ba dare ba rana. Mai hawa a hankali yakan daɗe a ƙarƙashinsu, mai saukowa da gudu kuwa 'yan mintoci ne. Saboda haka jagorori da yawa ke hawa ta doron arewa na Dôme du Goûter, duk da ya fi wuya kuma sai an goya alluna. Ɗaya hanyar, wadda ke tasowa daga masaukin Cosmiques, ita ma ba ta da sauƙi: zaftarewar dusa ta kashe mutum 8 a Mont Blanc du Tacul a 2008, ta kashe 9 a Mont Maudit a 2012, tsaunuka biyu da hanyar ke ratsawa. Jagora ba ya wuce mutum biyu a wannan tsauni, nan tsadar take. Wanda ya ce zai haɗa ku da yawa don ya rage maka farashi, ka bar masa kayansa.

Elbrus na Rasha ya fi su duka, mita 5,642, kuma shi ya fi ruɗar mai saye. Daga Azau motar kebul na kai mutum Garabashi, mita 3,847, sannan motar katafila na iya ƙarasa da shi duwatsun Pastukhov, wajen mita 4,700. A takarda sai ka ga kamar an gama maka aiki. Amma iskar shaƙa a ƙololuwarsa kusan rabin ta bakin teku ce, kuma mota ba ta saba wa jiki da wannan. Gangarar sama da Pastukhov takan zama ƙanƙara mai santsi, sararin kuma fari fat ne, hazo na sauka hanya ta ɓace. A Satumbar 2021 guguwa ta halaka mutum 5 daga ayari guda. Mutanen kwarin Baksan da ke gindin tsaunin, ƙabilar Balkar, akasarinsu Musulmi ne, abincin halal da masallaci ba za su yi maka wuya ba. Sai dai tun 2022 katin Visa da Mastercard na waje ba sa aiki a Rasha, kuma bizarta daban ce, alhali bizar Schengen ɗaya ta ishe ka Italiya da Faransa.

Idan ka zo kwatanta farashi, ƙirga kwanaki kafin ka ƙirga kuɗi. Tafiyar da ta ware ranakun sabawa da sama, da ranar jiran yanayi, ta fi mai araha da ke gaggawa. Kamfanoni da dama ma kan fara kai mutanensu Gran Paradiso kafin Mont Blanc saboda wannan dalili. Ka nemi jagoran da zai riƙe igiyarka ya nuna maka shaidar IFMGA, ƙungiyar jagororin tsauni ta duniya, ka kuma karanta inshorarka ka tabbatar ta ambaci tsayin da za ka kai da ɗauko mutum da jirgi mai saukar ungulu.

Kaya kuwa, kada ka yi saurin saye. Alluna masu sakin dunduniya, fatar da ake manna musu don kada su koma baya, ƙayoyin ƙarfe na takalmi, gatarin ƙanƙara, na'urar gano wanda dusa ta binne da shebur da sandar bincike, duk ana ba da hayarsu a Chamonix. Takalmi ne kawai ya cancanci ka saya ka saba da shi, domin kanta a dunduniya ta isa ta mayar da kai gida.

Abu guda ya shafe mu fiye da Turawa. Mai rukunin jini AS, ko da bai taɓa ciwon sikila ba, saifarsa na iya samun matsala a wuri mai tsayi saboda ƙarancin iska. Ka yi gwajin jini, ka gaya wa likita adadin mitocin da kake nufi, kafin ka biya kuɗin kafin alƙalami.