Tsutsar jinin kunkurun teku da tsargiya: dangi ɗaya ne, amma kowacce da gidanta

Malam, ka ce ka ga hoton wani kunkurun teku da ya mutu a gaɓa, an rubuta cewa tsutsar jini ce ta kashe shi, shi ne kake tambaya ko ita ce tsargiyar da muka sani, kuma ko mutum zai iya ɗauka idan ya taɓa kunkurun ko ya ci namansa. A taƙaice, 'yan'uwa ne na kusa, amma ba abu ɗaya ba ne, kuma ta kunkuru ba ta rayuwa a jikin mutum. Bari mu jera su mu ga inda suka haɗu da inda suka rabu.

Masana sun sa su a babban dangi guda na tsutsotsi masu faɗi da ke zama a cikin hanyoyin jini. Reshe ɗaya na kifi ne, ɗaya na kunkuru da kififiya, shi ake kira Spirorchiidae, na ukun kuma Schistosomatidae, na tsuntsaye da dabbobi masu shayarwa, har da mu. Tamu ta tsargiyar fitsari Schistosoma haematobium ce, ta hanji kuma Schistosoma mansoni. A kunkurun teku, waɗanda aka fi samu su ne Hapalotrema da Learedius da Neospirorchis.

Bambanci na farko a halittarsu yake. Tsutsar tsargiya akwai namiji akwai mace. Namijin kakkaura ne, bai cika wuce santimita ɗaya da rabi ba, yana da wani kwari a tsawon cikinsa, macen kuma siririya ce, ta ɗan fi shi tsawo, tana kwance a cikin kwarin nan kamar takobi a kube. A haka suke zama shekaru, tana zuba ƙwai ɗaruruwa a kullum. Ta kunkuru kuwa mata-maza ce, kowace guda tana ɗauke da kayan namiji da na mace a jikinta.

Mazauninsu ma daban. Tamu tana zama a jijiyoyin da ke mayar da jini zuwa zuciya, wato na kewayen mafitsara ko na hanji. Hapalotrema da Learedius su a cikin zuciyar kunkurun kanta suke zama, da manyan jijiyoyin da ke fita daga gare ta. Suna maƙale wa bangon jijiya har ya kumbura ya yi kauri, wani wuri ya yi rauni ya buɗe kamar zai fashe, wani wuri jini ya daskare ya toshe hanya. Neospirorchis kuma siririya ce ƙwarai, tana kutsawa cikin ƙananan jijiyoyi, har na fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa. Wannan bambancin ba ƙarami ba ne, domin duk abin da aka zuba a jinin da ke barin zuciya, babu gaɓar da ba zai je ba.

Inda suka fi kama da juna shi ne yadda suke yin ɓarna, kuma a nan mutane da yawa suke kuskure. Ana ɗauka tsutsar ce take cinye mutum. Ƙwan ne yake yin aika-aikar. Dole ƙwai ya huda nama ya fita waje kafin zuriya ta ci gaba, amma da yawa ba sa samun hanya, sai su maƙale. Jiki yana ganin baƙon abu sai ya yi masa taron dangi ya kewaye shi, wurin ya zama ɗan ƙulli, ƙullin ya zama tabo. A mutum, ƙwan haematobium mai ƙaya a ƙarshensa yana huda bangon mafitsara, shi ya sa yaro zai yi fitsari lafiya lau, sai a ɗigon ƙarshe jini ya biyo. In aka bar shi shekaru, mafitsara ta taurare, hanyar fitsari ta tsuke, ƙoda ta taɓu, wani ma ya kai ga kansar mafitsara. A mata yana raunata al'aura da bakin mahaifa, har a riƙa yi musu maganin ciwon sanyi a banza. Ƙwan mansoni mai ƙaya a gefe shi hanta yake tafiya, ta yi tabo, saifa ta kumbura, ciki ya tara ruwa. A kunkuru, da yake ƙwan yana bin jinin da ke fita daga zuciya, idan aka feɗe wanda ya mutu sai a tarar da ƙulle-ƙullen nan a saifa, huhu, hanji, ƙoda, har ƙwaƙwalwa, wani lokaci bangon hanjin ya yi ɗigo-ɗigo baƙi saboda tarin ƙwai.

Yawan kamuwar a kunkuru abin mamaki ne. Wani bincike da aka buga a 1998 kan korayen kunkuru da teku ta watso gaɓar Queensland a Ostireliya ya samu tsutsar a kusan dukansu, amma kimanin ɗaya cikin goma ne kawai aka ce ita ce ainihin ajalinsu. Wato kunkuru zai iya yawo da ita shekaru yana harkarsa, sai in ta yi yawa ko wata cuta ta raunana shi ta ci ƙarfinsa. Don haka ba kowane hoto da aka rubuta “tsutsa ce ta kashe shi” za a gaskata ba. Amma tana kisa. A ƙarshen 2000 da farkon 2001 an riƙa tsintar kunkuru masu ƙaton kai a kudancin Filorida sun kasa iyo, wasu ko motsi ba sa yi, kuma a ƙwaƙwalwar da yawansu an samu Neospirorchis da ƙwanta. A da har an zarge ta da haddasa ƙarin nan da ke fito wa koren kunkuru a ido da wuya da hammata, saboda ana ganin ƙwanta a cikin ƙarin, daga baya bincike ya karkata ga wata ƙwayar bairos.

Sai hanyar kamuwa, wadda ita ce zuciyar tambayarka. Mutum ba ya ɗaukar ko ɗaya daga cikinsu ta hanyar taɓa mai ita ko cin abinci. Ƙwai ya fita da fitsari ko bahaya, ya ƙyanƙyashe a ruwa, abin da ya fito ya nemi wata ƙaramar halitta ya shiga, ya hayayyafa a cikinta, sannan dubban 'ya'ya masu wutsiya su fito su nemi fata su huda. Ga tsargiya, wannan masaukin dodon koɗi ne na ruwa mai daɗi, Bulinus ga ta fitsari, Biomphalaria ga ta hanji. Shi ya sa cutar ke bin kududdufi da madatsun ruwa da magudanan noman rani irin na Kadawa da Bakolori, kuma haka ta yi a Ghana bayan an datse kogin Volta a Akosombo. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya ga tsutsar a Alƙahira tun 1851, wani masani ɗan Birtaniya, Robert Leiper, kuma ya tabbatar da dodon koɗinta a Masar a 1915.

Ta kunkurun teku ta wahalar da masana fiye da haka nesa ba kusa ba, don neman ɗan dodon koɗi guda a faɗin teku ba wasa ba ne. A 2010 aka samu alamar Learedius a jikin wata katantanwa mai manne wa dutse a tsibiran Cayman. A 2017 aka bayyana cikakken zagayen rayuwar wata mai suna Amphiorchis, bayan ta ɓulla a 'ya'yan kunkurun da ake reno a Valencia ta Sifaniya, aka bi sawu aka tarar da wani dodon koɗi mai kama da bututu yana zaune a hanyoyin ruwan wurin. Shekara guda bayan haka aka samu Neospirorchis a jikin wasu tsutsotsin ƙasan teku a gaɓar Karolina ta Kudu a Amurka, ba ma dodon koɗi ba ne. Kowacce dai ta san mai masaukinta, kuma jinin mutum ba gidan ta kunkuru ba ne.

Maganinsu kuwa ɗaya ne, praziquantel. Mutum ana ba shi miligiram 40 a kan kowane kilo na nauyinsa, sha ɗaya, shi ne wanda ake raba wa 'yan makaranta bayan an auna tsawonsu da sanda, kuma gara yaro ya ci abinci kafin ya sha saboda jiri da tashin zuciya. Kunkuru a wuraren jinya ana ba shi sau uku a yini guda. A duka biyun, manyan tsutsotsin yake kashewa, ƙwan da ya riga ya maƙale yana nan, kuma ba ya hana sake kamuwa. Gwaji ya fi sauƙi a mutum: fitsarin tsakar rana, daga ƙarfe 10 zuwa 2, a tace a duba. A kunkuru mai rai sai dai a nemi ƙwai a kashinsa, kuma sau da yawa sai bayan ya mutu ake ganin girman ɓarnar.

Game da naman, tsutsar ba za ta kama ka ba, amma ni ba zan ce ka ci ba. Yawancin jinsunan kunkurun teku suna ƙarƙashin dokar kariya, kuma namansu kan ɗauki wani dafi da dahuwa ba ta kashewa. A Maris 2024 yara takwas da babba ɗaya sun mutu a tsibirin Pemba na Zanzibar bayan sun ci shi.

In kuwa tsoron tsutsar jini ne ya sa ka tambaya, ta kusa da kai ita ce abin dubawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 250 ne suka buƙaci maganin tsargiya a 2021, aƙalla kashi 90 cikin 100 a Afirka, kuma Najeriya ce kan gaba. Har yanzu a wasu ƙauyuka ana ɗaukar jini a fitsarin yaro alamar balaga. In akwai yaro a gidanku da ke wanka a kududdufi ko yake taya aikin shinkafa a fadama, a tambaye shi kalar fitsarinsa, in da ja a ƙarshe a kai shi asibiti da kwalbar fitsarin rana.