Kayan kariyar masu gadin gandun daji: me za a fara saya idan kuɗin bai kai ba?

Duk wanda aka ɗora wa nauyin sayen kayan aikin ma'aikatan gandun daji, ko a Gashaka-Gumti yake ko a Kainji ko Kamuku, ya san kasafin ba ya isa. Ɗan abin da ya samu kuma yakan ƙare a kaki da hula da bel, kayan da ido ke gani ranar fareti. A ganina ma'auni ɗaya ya kamata a ɗora kowace naira a kai: idan mutum ya ji rauni a tsakiyar daji, awa nawa za a yi kafin ya isa hannun likita? Gashaka-Gumti ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya ratsa Taraba da Adamawa, kuma a cikinsa Chappal Waddi yake, mai tsayin mita 2,419, dutsen da ya fi kowanne tsayi a Najeriya. A irin wannan wuri jiran ɗauki ya fi karayar ƙafa haɗari.

Saboda haka da sadarwa za a fara. Wayar salula ba ta cikin lissafi, don sabis yakan ɗauke tun kafin a shiga daji sosai. Oba-oba ita ce ta yau da gobe, kuma mai aiki a zangon rediyo na VHF ta fi ta zangon UHF dacewa da fili da itatuwa. Sai dai tsakanin ta hannu da ta hannu ba ta wuce 'yan kilomitoci, tudu ɗaya ya isa ya raba ku. Idan ana so ta kai hedikwata, dole a kafa na'urar ƙara zango a kan dutse, da sola da batir da abin kare tsawa, a kuma yi tunanin wanda zai hana a sace farantan. Ɗan kwangila zai kawo maka Baofeng UV-5R saboda arha. Tana aiki, amma ba ta jure ruwa, kuma duk mafarauci ko ɗan bindigar da ke riƙe da irinta zai iya jin inda tawagarka ta dosa. A daji irin na Birnin Gwari wannan batun rai ne. Na Motorola da Hytera masu tsarin dijital na DMR ana iya kulle maganarsu, wasu suna nuna inda mai riƙe da su yake, suna da maɓallin neman agaji. A duba ko an rubuta IP67, ma'ana ƙura ba ta shiga, kuma tana iya yin minti 30 a cikin ruwa mai zurfin mita 1. A nemi izinin mitar rediyo daga hukumar da abin ya shafa kafin a biya kuɗi.

Wayar tauraron ɗan'adam ba ta buƙatar kafa komai. Thuraya ta fi sauƙin kuɗi, an kuma fi saninta a Arewa, amma tauraronta a wuri ɗaya yake tsaye ta wajen gabas. Idan kana cikin kwazazzabo dutse ya tare maka gabas, sai ka hau sama kafin ka samu layi. Iridium taurari 66 ne masu zagayawa, idan wannan ya wuce wani na tafe, shi ya sa ta fi dacewa da ƙasar duwatsu duk da tsadarta. Masu aiki a gandun Chad Basin su tuna sojoji sun haramta amfani da Thuraya a Borno a 2013, don haka a sanar da jami'an tsaro kafin a ba ma'aikaci irin wannan waya, kada a kama shi da ita a shingen bincike.

Abin da na fi so wa kowace tawagar sintiri shi ne ƙaramar na'urar saƙo irin Garmin inReach. Ba ta kira, amma tana aika rubutu, tana nuna sawun tawaga a taswira, cajinta yana kwanaki. Ana iya tsara saƙonni tun daga ofis, ta yadda wanda karatunsa bai yi nisa ba zai danna ɗaya kawai. Akwai abin lura: maɓallin SOS ɗinta, wato na neman agaji, wata cibiya yake kira a Amurka, su kuma sai sun nemo wanda zai kai ɗauki a nan. A saita saƙon gaggawa ya faɗo kai tsaye wa hedikwatar gandun. Kuma duk waɗannan na'urori aikin banza ne idan babu wanda yake zaune a ɗakin rediyo dare da rana, da mota mai mai a tanki tana jira.

Sai takalmi, inda aka fi cutar ma'aikata. Abin da aka saba kawowa shi ne but mai ƙarfe a baki, mai lambar EN ISO 20345. Na masu aikin gini ne, don kada bulo ya fasa yatsa. Mai yini yana tafiya a ƙasa nauyi kawai yake ƙara masa, da kanta a ƙafa. Mai lambar EN ISO 20347 ba shi da ƙarfen baki, kuma ana samun wanda ƙusa ko ƙaya ba ta huda tafinsa. A juya takalmin a duba ƙasansa. Idan tafin na roba ne ɗinkakke, mai gyaran takalmi a Serti, garin da ke bakin Gashaka-Gumti, zai iya mayar da shi idan ya ɓalle. Idan na soson polyurethane ne da aka manna da gam, a nemi ranar da aka yi shi, domin irinsa idan ya daɗe a sito cikin laima yakan ruɓe daga ciki. Za ka gan shi sabo fil a kwali, ana yin rabin yini da shi tafin ya fara zuba kamar garin kwaki, mutum ya dawo sansani da igiya ɗaure a ƙafa. Kayan gwanjo sun fi yin haka.

Takalmin da aka ce ruwa ba ya shigarsa yana da daɗi a raɓa. Amma a gandun da ake tsallaka rafi sau da yawa a rana, ruwa ta sama yake shiga, kuma idan ya shiga ba ya fita. A nan mai 'yan hudoji a gefe, wanda ke tsiyayewa ya bushe da wuri, ya fi. A fadamun Bade da Nguru kuwa dogon takalmin roba ne maganin wurin. A auna ƙafar kowa da yamma, lokacin da ta ɗan kumbura, a kuma tuna akwai mata a cikin ma'aikata. Safa mai kauri ta shiga lissafin kwangilar.

Dogon wuyan takalmi da rufin ƙwauri su ne kariyar farko daga kububuwa da kasa, tunda a ƙafa suka fi sara. A haɗa da tocilan ta goshi. Na'urar zuƙe dafi da baƙin dutse kuwa kada a kashe musu ko sisi, ba sa cire dafi, ɓata lokaci kawai suke sa a yi. Shi makarin dafi ba kayan jakar sintiri ba ne. Ma'aikacin lafiya ne ke sa shi ta jijiya, da allurar adrenaline a kusa ko da jiki ya ƙi shi. Abin yi shi ne a saya a ajiye a asibiti mafi kusa da kowane sansani, inda firij ke aiki. A tabbata an yi shi da dafin macizan yankinmu, kamar EchiTAb-G na Birtaniya da EchiTAb-Plus na Kosta Rika, waɗanda asibitin masu saran maciji na Kaltungo a Gombe ya daɗe da saninsu. A wani asibiti a Ghana da aka koma makarin da aka yi da dafin macizan Indiya saboda arha, masu mutuwa sun tashi daga ƙasa da kashi 2 zuwa kashi 12 cikin 100.

Jakar taimakon gaggawa ta ofis, mai filasta da auduga, ba ta raunin harsashi ko adda ba ce. Kowane mutum yana buƙatar maɗaurin tsayar da jini irin CAT da bandeji mai matsewa a jikinsa. Jabunsa ya cika intanet, kuma sandar murɗawarsa kan karye a daidai lokacin da ake matsawa. A saya daga dillalin da kamfanin ya amince da shi, a ware wasu na koyo. A horon a nanata cewa ba a ɗaure saran maciji da shi.

Babur ma yana raunata ma'aikata fiye da yadda ake faɗa. Yamaha AG200 an yi shi don hanyar daji, amma kayan gyaransa sai an nema. Bajaj Boxer kowane bakanike a ƙauye ya san shi, sai dai a sa masa tayar daji. Kowanne aka zaɓa, hular kwano mai shaidar inganci ta ECE ko DOT ta zo tare da shi, biyu, don ana goyo. Hular 'yan gini ba ta maye gurbinta. Kaki kada ya zama shuɗi ko baƙi, launukan da ke jawo tsando. Matatar ruwa irin Sawyer tana tare ƙwayoyin bakteriya amma ba ta tare bairos, ƙwayar tsarkake ruwa ta Aquatabs kuma tana son ruwa garau da jiran minti 30, don haka a haɗa biyun. Gidan sauro mai magani da gishirin ORS ba su da tsada.

Kafin a rubuta kwangila, a buɗe littafin raunukan da aka samu a gandun a shekarun baya, a zauna da waɗanda ke kwana a daji a ji ta bakinsu. A karɓi samfuri kaɗan a ba tawaga ɗaya ta gwada da damina, sannan a sayi da yawa. A tabbatar sunan kowa yana cikin tsarin diyya na hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF, wanda dokar 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi, a kuma san matsayin 'yan sa-kai da masu ɗaukar kaya daga ƙauyuka, waɗanda ke shiga haɗari ɗaya da ma'aikata. A cikin kasafin kuma a ware kuɗin watan na'urorin tauraro na shekara guda cur, da na sabbin batura da sauya takalmi, domin ranar da kuɗin watan inReach ya ƙare maɓallin SOS ɗin ma ya daina aiki.