Rautar da aka kawo mini har ƙofar gida a Agege: sabis ya yi, amma layin ba nawa ba ne

Rautar, wato na'urar da ke raba intanet a gida, tana aiki, wannan kam ba zan ci haƙƙinta ba. Duk wanda ke zaune a ɓangarenmu na Agege ya san abin da sabis ke yi mana da zarar an idar da sallar magariba. Kowa ya dawo gida ya hau waya, sai hoto ɗaya ya yi ta juyi ya ƙi tafiya. Ni kuma abincina a waya yake. Leshi da atamfa nake sarowa a kasuwar Balogun, in ɗauki bidiyonsu in sa a WhatsApp da Instagram, mata daga Kano, Kaduna da Zariya su zaɓa su turo kuɗi, a sa musu a mota. Tun da rautar nan ta shigo gidana, bidiyon da a da sai na tashi tsakar dare nake turawa, yanzu ina tsaye a kicin yake wucewa. Kwastoma ta kira ta ce in juya mata leshin ta ga bayansa, in juya, ta gani tar ba yankewa. Da a nan maganar ta tsaya, tauraro biyar zan ba kamfanin.

Lissafi ne ya sa na saurari yaron da ya kawo ta. A Afrilun 2024 hukumar wutar lantarki ta NERC ta ɗaga kuɗin wuta na Band A, rukunin da aka fi ba wuta, daga wajen naira 68 zuwa naira 225 kowane yunit. An ɗan rage daga baya, ragin da bai taka kara ya karya ba, kuma layinmu na cikin waɗanda aka sa a rukunin. Katin mitar da ke kai mu ƙarshen wata ya koma ko rabin wata ba ya gani. Ba mu gama farfaɗowa ba, a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta yarje wa kamfanonin waya su ƙara har kashi 50 cikin ɗari a kan kira da data. A gidana kuwa kowa na cin data: ni, maigida, babban ɗana, da ƙanwar maigida da ke zaune wurinmu tana karatu. Duk wanda ya zo mini da maganar ragi a lokacin, zan ba shi kujera.

Ɗana ne ya shigo ya ce, "Umma, wani na sallama, wai daga kamfanin waya." Na zura hijabi na fito baranda. Bahaushe ne, Hausarsa ta Kano tsantsa, da rigar kamfani da katin shaida rataye a wuya. Ya rusuna ya gaishe ni, ya ce, "Hajiya, ba saya na ce ki yi ba, gwadawa kawai za ki yi." Ya jona ta a soket ɗin baranda, ya sa mini lambobin sirri a waya, na tura wani dogon bidiyo da ya kwana yana ƙin tafiya, kafin in ɗago kai ya wuce. Sai ya juya takardar tallarsa ya hau tambaya: nawa nake sa wa wayata a wata, Alhaji fa, yara fa. Ya haɗa jimla, ya ja layi, ya rubuta kuɗin rautar na wata a ƙasa, ya ce wannan data ce mara iyaka, gida duka, kuma garaɓasar yau take ƙarewa. Na kira maigida yana kasuwa a Mile 12, ya ce, "In ta yi miki ki karɓa, ke za ki yi aiki da ita."

Akwai tambayar da na yi masa, kuma saboda ita nake wannan rubutun. Tun Disambar 2020 da gwamnati ta ce kowa ya haɗa layinsa da NIN, ba wanda bai sha rana a layi ba a garin nan. Don haka na ce, "Yaro, ba ka karɓi NIN ɗina ba, ba ka ɗauki hotona ba, layin da ke ciki da sunan wa yake?" Ya yi murmushi ya ce, "Ai Hajiya an riga an gama komai daga ofis, don kada a wahalar da iyayenmu mata. Layin rauta ba kamar na waya ba ne." Mutum da rigar kamfani, da katin kamfani, da kwalin kamfani a rufe. Ya rubuta mini rasit a wata 'yar takarda, da lambar wayarsa a ƙasa, ya ce ko tsakar dare in kira shi.

Ƙananan abubuwa sun fara fitowa tun wata na farko, kuma duk na haɗiye su. Datar da aka ce ba ta da iyaka, akwai inda za ka kai a rage maka gudu. Ba a yanke ka, amma tafiyar sai ta koma irin ta danfo a cunkoson Oshodi da yamma. Yana rubuce a jikin takardar da ƙananan haruffa, shi dai bakinsa bai faɗa ba. Sannan rauta wuta take ci, in an ɗauke ta mutu. Band A an ce aƙalla awa 20 ne a rana, to ko da an cika alkawarin, sauran awannin kan faɗo daidai lokacin da nake ciniki, dole na sayi ƙaramin batirin da ke riƙe ta. Maigida kuma ba zai ɗauki rauta ya tafi Mile 12 da ita ba, datar wayarsa tana nan yadda take, haka yarinyar in ta tafi makaranta. Ragin da aka lissafa mini a baranda ya zaftare sosai. Duk da haka akwai riba, ba zan musa ba. Da za a tambaye ni a lokacin, cewa zan yi a saya.

Sai goman ƙarshe na azumi. Duk mai sayar da kayan sawa ta san abin da wannan lokacin yake nufi, cinikin shekara ne, tela na jira, mota na jira, kowace mace so take nata ya riga isa. Ban daɗe da sabunta kuɗin wata ba, har na hau babban tsari saboda yawan bidiyo. Na tashi bayan sahur na ga fitilar rautar ta koma ja. Na kashe na kunna, na zare layin na goge na mayar, shiru. Na kira yaron, waya a kashe. Na sake kira da hantsi, a kashe. Na kira 300, lambar kula da kwastoma ta kamfanin, bayan dogon jira wata murya ta ce an rufe layin, sai na je ofis da kaina.

Da azumi a bakina na kama hanyar Ikeja, da rautar a jaka, da ɗana yana riƙe mini kwalin. Ofishin cike, aka ba mu lamba muka zauna har azahar ta gota. Da layi ya zo kaina, matar da ke kan teburin ta karɓi NIN ɗina ta buga, ta dubi kwamfuta, ta dube ni, ta tambaye ni ko na san wani mai suna kaza. Sunan namiji ne, ba ma na Bahaushe ba. Na ce ban taɓa jin sa ba. Ta ce to shi ne mai layin. Ya duba lambobin da ke rataye da NIN ɗinsa, ya ga wadda bai sani ba, ya nemi a cire, aka cire. Mutumin nan gaskiyarsa ce, ni ma da haka zan yi. Amma ni da na biya kuɗin fa?

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda ta juya maganar. Wai NCC ta daɗe da haramta sayar da layin da aka riga aka yi wa rajista, don me na karɓa. Na ce baiwar Allah, ni na sayar ko ni aka sayar wa? Ga rigarku a jikinsa, ga katinku a wuyansa. Ta ce ba ma'aikacinsu ba ne, yaron dila ne, kuma dilolin da yawa, sai dai in kawo shi. In kawo shi daga ina? Na miƙa mata rasit, ta juya shi gaba da baya ta ce ba nasu ba ne, ba hatimi, ba sunan dila. Kuɗin watan da na sa kuwa yana kan layin wancan mutumin, ba za a iya bai wa wanda ba mai layi ba. A lokacin sabunta kuɗi ba wanda ya tambaye ni ko ni ce mai layi, hannu bibbiyu aka karɓa wata bayan wata.

Na ce shi ke nan, a ba ni na'urata in sa mata layin wani kamfani. Nan ma aka ce a kulle take, nasu kaɗai take karɓa. Wannan ma yaron bai faɗa ba.

Ƙanwar maigida ce ta riga ta karanta mini yadda ake yi tun kafin in fito. Ta ce, "Anti, kada ki baro wurin sai sun ba ki lambar ƙorafi, da ita ake kiran NCC a 622, kuma kiran kyauta ne." Sai na gyara zama na ce a buɗe mini ƙorafi a rubuce a ba ni lambar. Nan take fuska ta sauya, aka shiga ciki aka fito da wani babba. Shi kam ya yi magana ta hankali, ya ba da haƙuri, ya sa aka yi mini sabon layi da NIN ɗina da hotona a gabana, ya ɗauki hoton rasit ɗin ya ce za su bi dilan. Bayan Sallah aka turo mini wani ɓangare na datar a sabon layin. Data, ba kuɗi ba, kuma ba duka ba. Na gode masa, ya yi abin da zai iya. Amma sabon kuɗin wata daga aljihuna ya fito a ranar, sau biyu ke nan a wata ɗaya.

Da nake ba ƙanwata da ke aure a Ingila labari, mamaki ta yi ta yi. Ta ce su a can, abin da aka biyo ka gida aka sayar maka, doka ta ba ka kwana 14 ka ce ka fasa ko ba dalili, a mayar maka da kuɗinka, kuma in mai tallar bai sanar da kai wannan haƙƙin ba, wa'adin na iya ƙaruwa har shekara guda. Dalilinsu a fili yake: wanda aka tarar a gida bai fito sayayya ba, bai zaga ya ji farashi ba, ga kunyar mutum tsaye a ƙofarsa. Mu ma nan ba a rasa doka ba. Akwai ta kare haƙƙin mai saye ta 2018 wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba ka damar mayar da kayan da ke da aibi ko waɗanda suka saɓa da yadda aka siffanta maka su, kuma jihar Legas na da tata hukumar, LASCOPA. Sai dai duk inda za ka kai ƙara, tambayar farko ita ce wa ya sayar maka, ina shaidar. Wanda ya saya a shago a kasuwar wayoyi ta Computer Village ko ba komai ya san ƙofar da zai koma ya tsaya. Ni lambar waya ce a hannuna, kuma har yau a kashe take.

Masu bin gida ba su ragu ba a unguwarmu. Ga masu sola ta biya kaɗan-kaɗan, wadda in ka makara da biya take kulle kanta, ga masu cewa za su samo maka mita da wuri in ka ba su wani abu. Ban ce duka macuta ba ne, yara ne masu neman abinci, da yawansu kamasho kawai suke ci, shi ya sa kullum garaɓasarsu yau take ƙarewa. Yanzu duk wanda ya zo, sunan dila da adireshin shagonsa nake fara tambaya, kuma in layi ne, a yi rajista a gabana, sannan ɗana ya sa shi a ƙaramar waya ya danna *996# mu ga NIN ɗin da ke kai. Maƙwabciyata da ta saya a hannun yaron nan rana ɗaya da ni, na sa ta je ta duba nata. Shi ma sunan wani ne. Ta canza tun bai mutu ba, ita ta tsira da kuɗinta.

Ga mai tambaya ko rautar ta fi datar waya: in gidanku da mutane da yawa kuma akwai mai wuni a gida yana aiki da intanet, ta fi, musamman da daddare. In ke kaɗai ce kuma yawo kike yi, tsarin wata na wayarki ya ishe ki, kada ki ƙara wa kanki kuɗin batiri. Ina amfani da ita har yanzu, da ita ma na turo wannan. Na so in ce tauraro uku, amma da na tuna sai na ga biyu ya ishe su. Ranar da na wuni a Ikeja, wata Hajiya daga Kaduna da ke haɗa lefen ɗanta ta yi ta kira in nuna mata leshi a bidiyo, datar wayata ta ƙi ɗauka a cikin cunkoson ofishin, kafin in dawo gida in sha ruwa ta saya a wurin wata. Cinikin nan ya fi kuɗin rautar da na batirin a haɗe, kuma ba ta sake nemana ba.