LM386 ko TDA2030: da wanne sabon shiga zai fara?

Wani ɗan'uwa ya yi tambaya cewa yana so ya haɗa amfilifayarsa ta farko da hannunsa, amma ya rasa wanda zai ɗauka tsakanin LM386 da TDA2030, ƙananan kayan lantarki biyu (IC) masu ƙara ƙarfin sauti. Ɗan'uwa, shawarata ita ce ka fara da LM386, dalilina kuwa yana wajen irin wutar da kowannensu yake buƙata.

LM386 yana da ƙafafu 8, kuma yana aiki da bolt 4 zuwa 12, saboda haka batir mai bolt 9 ya ishe shi, ko ka yi kuskuren haɗi babu wutar da za ta ja ka. Ƙarfinsa a kan irin wannan batir bai kai wat ɗaya ba, amma yana tayar da ƙaramar lasifika mai om 8 sarai. Shi kaɗai yana ninka sauti sau 20. Idan ka sanya kafasita mai mikrofarad 10 tsakanin ƙafa ta 1 da ta 8, ninkin zai kai 200. A nan ne mai jita zai ji daɗi, domin sautin yakan cika ya dushe, ya fito da kaushin nan da ake nema da gangan, kodayake shuuu ɗin da ke fita daga lasifika shi ma ƙaruwa yake yi. Kada ka manta da kafasita mai mikrofarad 220 tsakanin ƙafa ta 5 da lasifika, kuma ka duba alamar ƙafafunta kafin ka ɗiga dalma.

TDA2030 kuwa ƙafafunsa 5 ne kacal, abin da yake sa mutane su ɗauka ya fi sauƙi. Yana ba da kimanin wat 14 a lasifika mai om 4, kuma sautinsa ya fi tsabta nesa ba kusa ba. Sai dai kafin ya ba da wannan ƙarfin yana son wuta mai ɓangare biyu, bolt 14 sama da bolt 14 ƙasa, ko kuma bolt 28 mai ɓangare ɗaya, wanda galibi yake kai mutum ga taransifoma da wutar gida, wurin da kuskure ɗaya yake iya zama ajali. Dole ne kuma a ɗaura shi a jikin ƙarfen sanyaya, kuma bayansa a haɗe yake da ƙafa ta 3, wadda take ɗauke da bolt 14 ƙasa a wuta mai ɓangare biyu, don haka a irin wannan wutar idan ƙarfen yana taɓa akwati sai an raba su da abin da ba ya ɗaukar wuta.

Idan LM386 ɗinka ya yi magana, ka kuma iya gano dalilin gurnaninsa da na'urar auna wuta, ka gyara, to lokacin TDA2030 ya yi.