Hattara da mai sayar da "ciyawar teku" a Yamai

Jama'a, mu masu kiwon kifin teku da murjani a akwatin gilashi ba mu da yawa a garin nan, shi ya sa nake so maganar ta kai kunnen kowa. Akwai wani mutum da ke tallar "cikakkun kayan mafaka" ta WhatsApp, wai daga Kwatano ake kawo masa. Ni dai ya ci mini jikka 85.

Ga wanda bai sani ba, mafaka ƙaramin akwati ne da ake jonawa da babban, galibi a ƙarƙashinsa, ruwa ɗaya na zagayawa tsakaninsu. A ciki ake renon ciyawar teku da ake kira keto. Ita ke shanye nitrat da fosfat da kashin kifi da ragowar abinci ke tarawa. In ta yi yawa a yage rabi a zubar. Ƙananan ƙwarin ruwa ma nan suke hayayyafa, kifi bai kai gare su ba. Fitilarta da dare ake kunnawa, sa'ad da ta babban akwati ke kashe, don kada pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, ya faɗi.

Kusa da gadar Kennedy muka haɗu, yana kan babur da bokiti da leda biyu. "Alhaji, zuba yau, gobe ka ga ruwanka garau." Na zuba. Kwana uku ciyawar ta yi ɗorawa, ta narke, falo ya ɗauki warin kwata.

Wani yayanmu da ya daɗe da wannan kiwo tun yana zaune Lome ne ya zo ya sa hannu. Ko minti ɗaya bai yi ba ya ce, "Ƙanena, gansakukar gulbi aka sayar maka." Keto ta gaskiya tauri gare ta, a cukurkuɗe kamar soson ƙarfe na wanke tukunya, in ka ɗago ta tana nan a dunƙule. Tawa kuwa santsi sai ka ce miyar kuɓewa. Abin ruwan daɗi ne, gishiri na taɓa shi ya mutu, duk ƙazantar da na saye shi don ya cire sai ya ƙara mini ita.

Gishirin da ya haɗa mini ne ya fi ba ni haushi, don na auna kuma na yarda. Buhu ba tambari, na dama, ma'aunin gishiri ya nuna 1.025 cif, lambar da ake so ga ruwan teku. Ashe gishirin miya ma yana iya kai ka wannan lamba. Abin da babu a cikinsa shi ne kalsiyom da magneziyom da sauran sinadaran da murjani ke gina jikinsa da su. Ruwan murjani na son kalsiyom wajen miligiram 400 zuwa 450 a kowace lita. Da na san haka da shi zan fara aunawa. Sannan makunnin bututun da ya haɗa mini na tagulla ne, mai jan ƙarfe a ciki, alhali jan ƙarfe guba ne ga murjani da jatan lande da dodon koɗi. Murjani biyu suka tafi, dodon koɗi ko ɗaya bai tsira ba.

Wata ƙaryar tasa: wai mafaka na sanyaya ruwa, ba sai ka sayi injin sanyi ba. Murjani digiri 24 zuwa 26 yake so, Yamai kuwa a Afrilu tana haura 40. Fitila da famfo zafi suke ƙarawa.

Lambarsa yanzu a kashe take, na ji an ce da wata yake talla. Yakan nemi rabin kuɗi kafin ku haɗu, kuma ba ya taɓa yarda ka je ka ga akwatinsa. In ya zo muku, ku ɗiga ruwan cikin ledar a ma'aunin gishiri a gabansa, ku murza ciyawar da yatsa, sannan a yi maganar kuɗi.