Akwatin lokaci na GPS da na saya: wata takwas lafiya, safiya guda ta tona masa asiri

Ni ke kula da rezo, wato haɗin ordinatoci da intanet, na wani kamfanin aika kuɗi mai rassa uku a nan Yamai. Abin da ya sa na sayi akwatin nan, wato na'urar da ke ɗauko daidai lokaci daga taurarin ɗan Adam na GPS ta raba wa sauran na'urori, an taɓa yi mana sata a reshenmu na wajen kasuwar Wadata, muka kai hotunan kamara komisariya, sai ga agogon kamara da na ordinatar mai karɓar kuɗi sun saɓa da kusan minti arba'in. Kunya ta ishe ni ran nan.

Gaskiya da farko na ji daɗinsa. Na kafa eriya a saman kwano, ya kama tauraron ɗan Adam, yana raba lokaci ta NTP (hanyar da na'urori ke daidaita agogonsu a kan rezo) ga kamarori da rauta da ordinatoci, kowa daidai da kowa. Mai sayarwa ya ce mini, "Malam, da wannan ba ruwanka da intanet." Na yarda, na ɗora kusan komai a kansa shi kaɗai.

Sai wata safiya cikin zafin Afrilu, bayan kuran ya ɗauke tsawon dare har batiri ya ƙare. Akwatin ya tashi da kwanan wata na shekara 19 da 'yan watanni baya! Ba ƙara, ba jan fitila, yana ta raba ƙarya hankali kwance. Ordinatoci suka ƙi buɗe shafukan aiki, don a lissafinsu takardun shaidar tsaron shafukan ba su fara aiki ba tukuna. Lambobin shiga masu canjawa duk daƙiƙa 30 aka yi ta ƙin su. Layi har bakin titi, wata hajiya tana ce mini, "Ɗana, kuɗin magani ne fa zan aika Tawa." Har yau maganar na damuna.

Daga baya na gane ciwon. Tsohon siginar GPS makonni 1024 yake ƙirgawa ya koma sifili, kamar yadda ya faru ranar 6 ga Afrilu 2019, kuma na'ura mai tsohuwar manhaja na iya ruɗewa ko bayan shekaru. Ko a Oktoban 2021 wani kuskuren manhaja irin wannan ya mayar da agogo zuwa Maris 2002. To me ya hana mai sayarwa faɗa mini a sabunta? Kira bakwai na yi masa, sai ran na uku ya turo fayil ɗin gyara.

Saba ɗaya ce ta tsira, wato babbar ordinata mai yi wa sauran hidima, wadda ban da akwatin na haɗa mata majiyar lokaci uku daga pool.ntp.org, tarin sabobin da ke ba da lokaci a intanet. Ta ga uku sun yarda da juna, ɗaya ya ware, ta yi watsi da shi. Da biyu ne kacal, ba ta san wa za ta gaskata ba. Rashin yi wa sauran na'urorin haka, wannan sakacin nawa ne, na ɗauka.

Yanzu kowace na'ura majiya huɗu take tambaya, na buɗe musu ƙofa ta 123, wadda NTP ke bi, a bangon tsaron rezo. Kamarorin da ba su karɓar adireshi fiye da ɗaya na mayar da su kan sabar. Akwatin na nan yana aiki, yana ma ceton mu in intanet ta yanke. Amma kayan da zai ɓace da shekara 19 bai ko yi ƙara ba, makin tauraro biyu kawai na ba shi, kuma wajen mutumin nan ban ƙara sayen ko waya.