SSRS a ofishin masu Umara: abin da na gani a fayilolin rajistarsa

A kamfanin da nake aiki a Makka, wanda ke kama wa masu Umara ɗakuna da motoci, duk rahoton da ke fita SQL Server Reporting Services ne ke fitar da shi, wanda 'yan sana'a ke taƙaitawa SSRS. Na 2019 muke amfani da shi. Shi ke tura wa shugaban direbobi jerin baƙin da za a ɗauko daga filin jirgin Jidda, shi ke tura wa ejan-ejan ɗinmu na Kano da Zariya lissafin ɗakunansu. Ranar da yake lafiya ba mai tunawa da shi. Ni ma'aunina a kan irin wannan manhaja shi ne ranar da ta ƙi aiki: za ta gaya maka ciwonta ko sai ka yi ta lalube?

A kan allo dai ba ya gaya maka komai. Sai ka ga rsProcessingAborted, da wata shawara cewa ka je kan sabar ɗin kanta, wato injin da manhajar ke kai, ko ka kunna saitin EnableRemoteErrors. Da gangan aka yi haka, don kada mai buɗe rahoto daga nesa ya ga sunan rumbun bayanai da na asusun shiga, kuma ban ga laifinsu ba. Gaskiyar magana tana cikin rajista, wato bayanan da manhaja ke rubutawa a kan aikinta, ita kuma wuri uku aka raba ta.

Inda nake fara leƙawa shi ne ExecutionLog3, cikin rumbun da ake kira ReportServer. Duk rahoton da aka nema yana da layinsa: wa ya nema, yaushe, PDF ne ko Excel, mutum ne ya danna ko jadawali ne ya tashe shi, ya yi nasara ko ya faɗi. Abin da ya fi burge ni gurabe uku ne, TimeDataRetrieval da TimeProcessing da TimeRendering, waɗanda ke raba lokacin da rahoto ya ci zuwa ɗauko bayanai, sarrafa su, da zana shafi, duk a milisakan. A goman ƙarshe na Ramadan rahoton ɗakuna ya koma tafiyar hawainiya, har mudir ɗinmu, wato manaja, ya ce, "Malam, injin nan ya tsufa, nemo mana farashin sabo." Na ce, "Alhaji, a ba ni zuwa bayan tarawihi." Da na jera layukan sai na ga sarrafawa da zane ba su ci komai ba, kusan duk lokacin a ɗauko bayanai yake tafiya. Tambayar da rahoton ke aika wa rumbu tana bin teburin baƙi tun daga farkonsa, saboda babu fihirisa a kan ranar isowa. Aka sa fihirisa, maganar sabon inji ta mutu.

Na biyu su ne fayilolin da ke C:\Program Files\Microsoft SQL Server Reporting Services\SSRS\LogFiles. Mai amfani da na 2016 kada ya wahalar da kansa a nan, nasa yana ƙarƙashin foldar MSRS13.MSSQLSERVER, domin daga 2017 aka ware SSRS ya zama abin girkawa daban. Foldar cike take da fayiloli, amma wanda ya fara da ReportingServicesService shi ne mai labari. RSPortal na shafin da ma'aikata ke buɗewa ne. Kada ka ce za ka karanta daga sama, ido zai gaji a banza. Kowane layi yana da tambari, i INFO ko w WARN ko e ERROR, don haka na ƙarshen nan nake nema, in duba wanda lokacinsa ya dace da abin da ExecutionLog3 ya nuna. A lura, wata ake fara rubutawa kafin rana, irin na Amurka. A ofishin da wani ke lissafi da Hijiriyya wani da Miladiyya, 03/04 ya isa ya sa mutum binciken ranar da ba ita ba.

Wata Lahadi, farkon mako a nan, rahoton asuba bai je wa kowa ba, direbobi suna ta kira. Fayil ɗin ya nuna rsErrorOpeningConnection, a ƙasansa kuma an ce an hana asusun shiga. Dalilin hanawar ba ya nan, sai a wuri na uku, wato ERRORLOG na SQL Server kansa, manhajar da ke riƙe rumbun bayanai, cikin foldar MSSQL\Log. A can na tarar da kuskure mai lamba 18456, State 8, ma'ana kalmar sirri ba ta dace ba. Da 5 ne, da sunan asusun ne babu shi. Da 38 ne, da rumbun ne ya ƙi buɗuwa. Ashe kamfanin da ke kula mana da injuna ne ya canza kalmar a daren Alhamis bai sanar ba, SSRS kuma yana riƙe da tsohuwa a ma'ajiyarsa. Gyaran bai kai shan shayi ba.

Inda nake rage masa maki shi ne wannan rarrabuwar. Babu shafi guda da zai haɗa maka ukun, kai ne za ka bi lokaci ka ɗinke su. Rahotannin jadawali kuma SQL Server Agent, sashen da ke gudanar da ayyuka a kan lokacin da aka tsara, shi ne ke tashin su, sunayen ayyukan a can dogayen lambobi ne da haruffa marasa ma'ana, kafin ka gane wanne ne na wane rahoto sai ka haɗa tebura. Ƙananan ejan masu son na kyauta su sani cewa SQL Server Express ba shi da Agent, saboda haka babu tura rahoto da kansa.

Sai maganar gogewa. Fayilolin ReportingServicesService na cikin LogFiles kwana 14 ake ajiye su, kowanne in ya kai megabait 32 a buɗe sabo. Ana canza wannan a ReportingServicesService.exe.config, inda kuma DefaultTraceSwitch yake a kan 3. In ka ɗaga shi zuwa 4 zai zayyana komai dalla-dalla, amma ka mayar da shi da zarar ka gama, in ba haka ba ya cinye maka faifai. ExecutionLog3 kuwa kwana 60 ne. Ga mai kanti wannan ya isa, ga mu bai isa ba: daga Ƙaramar Salla zuwa hawan Arfa ya haura kwana 60, ke nan lokacin da kake son duba yadda sabar ta ɗauki nauyin Ramadan don shirin Hajji, an riga an share. Na ɗaga ExecutionLogDaysKept zuwa 400 ta Management Studio, manhajar da ake sarrafa SQL Server da ita, don in iya gwada azumin bana da na bara.

Wanda yake da lasisin SQL Server, ina ba shi shawarar ya riƙe SSRS, muddin akwai mutum ɗaya a ofis da ba ya tsoron buɗe waɗannan fayiloli. Mai shirin sabon girki kuwa ya sani Microsoft ta sanar cewa na 2022 ne na ƙarshe, daga SQL Server 2025 Power BI Report Server ne ya gaje shi. Shi ma yana da ExecutionLog3 da foldar LogFiles, sai dai tasa tana ƙarƙashin PBIRS.